Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Jawabi A Kan Siyasar Koraye

Wannan shi ne jawabin da aka karanta a taron wayar da kai na 'yan jam'iyya 'yan Arewa mazauna Kudu. An buga shi yadda aka karanta shi, sai ɗan abin da aka rage na gaishe-gaishe.



Batun da aka ɗora wa wannan zama shi ne wata irin siyasa da ta tsiro a ƙasashen Turai cikin shekarun 1970, wadda ake kira siyasar Koraye, domin kore shi ne launin da masu ita suka zaɓa, launin ganye da shuka. Galibin wanda ya taɓa jin labarinsu a rediyo ya ɗauka mutane ne masu son itatuwa da tsuntsaye, waɗanda cikinsu ya cika har suka sami sukunin tausaya wa kifin kogi. Akwai ƙanshin gaskiya a wannan zato, amma fa ƙanshi ne kawai. Wanda ya bi tarihinsu zai tarar tun ran farko rigimarsu a kan mulki take, watau wane ne ke da ikon yanke shawara bisa ƙasar da mutane ke zaune a kai, da ruwan da suke sha, da iskar da suke shaƙa. A Jamus wannan siyasa ta fi yin ƙarfi, saboda haka can za a tsaya a dube ta da kyau, kana a ga abin da ya shafi mutumin Kano ko Sakkwato da ke zaune a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal.

A kudu maso yammacin Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg, akwai wani ƙauye a bakin kogin Rhine ana ce da shi Wyhl, tsallaken kogin kuwa ƙasar Faransa ce. Mutanen yankin manoma ne, mafi yawan arzikinsu a gonakin inabi yake. A shekarar 1973 sai labari ya iso musu cewa an zaɓi dajin da ke kusa da ƙauyen domin gina tashar wutar lantarki mai aiki da nukiliya, alhali yawancinsu ba su san da maganar ba sai da aka gama ta a ofis. Abin da ya fara tayar musu da hankali abu ne na noma tsantsa. Irin wannan tasha tana fitar da tururi mai yawa dare da rana, su kuwa suna tsoron tururin ya zama hazo ya tare rana, inabi ya kasa nuna, ruwan ƙasa kuma ya ja baya. Suka rubuta takardun ƙara, dubun dubatar mutane suka sa hannu, gwamnatin jiha ta karɓa ta ajiye, ta ce masana sun duba babu komai.

Ran 17 ga Fabrairu 1975 aka fara saran daji. Washegari manoma da matansu suka shiga filin suka zauna a gaban motocin aiki. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka zo da karnuka da motocin feshin ruwa suka fitar da su da ƙarfi, telbijin kuwa ta nuna wa ƙasar baki ɗaya yadda ake jan tsofaffi da matan aure a cikin taɓo. Abin da gwamnati ta zata ƙarshen magana ne, ashe mafarinta ne, domin ran 23 ga watan mutane kusan 28,000 suka dawo, har da na tsallaken kogi daga Faransa da Suwizalan, 'yan sanda suka janye. Aka kafa bukkoki a filin aka zauna har watanni tara. Suka buɗe makaranta a cikin dajin, inda malaman jami'a ke bayanin nukiliya, manoma kuma ke bayanin ƙasa da yanayinta, kowa yana koyo wurin ɗan'uwansa. Daga nan maganar ta koma kotu ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, har gwamnati ta haƙura. Ba a gina tashar ba har yau.

Akwai wani ɓangare na labarin da masoyan Koraye ba su cika faɗa ba, kuma ya kamata a faɗe shi. Wata guda kafin a fara saran dajin an yi ƙuri'ar raba gardama a cikin Wyhl kanta, fiye da rabin masu ƙuri'a kuwa suka yarda a sayar da filin, saboda an yi musu alkawarin aiki da kuɗin shiga. Ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda hazon zai sauka a gonakinsu ba tare da sun ga ko sisi ba, su ne suka ƙi. To, su wane ne mutanen wurin? Waɗanda filin ke cikin iyakarsu, ko waɗanda cutar za ta iske har gida? Amsar da Koraye suka riƙe daga baya ita ce duk wanda shawara za ta taɓa rayuwarsa yana da baki a cikinta, ko da taswira ta ajiye shi a wancan gefen layi. A riƙe wannan tambaya, domin za a sake karo da ita a nan gida.

YADDA SUKA ZAMA JAM'IYYA

Irin wannan zaman dirshan ya bazu a Jamus ta Yamma, wani wuri a kan nukiliya, wani wuri a kan titi ko filin jirgin sama, wani wuri a kan makaman da ake jibgewa a ƙasar saboda gabar Amurka da Rasha. Masu yin sa suka lura manyan jam'iyyu uku da ke majalisa bakinsu ɗaya a kan waɗannan al'amura, ko da sun saɓa a kan wasu. Saboda haka ran 13 ga Janairu 1980 suka taru a birnin Karlsruhe suka kafa jam'iyya mai suna Die Grünen, watau Koraye. Taron hargitsi ne, domin akwai manomi mai ra'ayin riƙau, akwai ɗalibi ɗan gurguzu, akwai limamin coci, akwai mata masu neman haƙƙinsu. Duk da haka suka daidaita a kan ginshiƙai huɗu: kiyaye muhalli, adalci tsakanin jama'a, mulkin da ke tasowa daga ƙasa, da ƙin tashin hankali. Hujjarsu ta haɗa su wuri ɗaya ita ce ɓarnar ƙasa ba ta faɗowa daga sama. Wani ne ke sa hannu a takarda, kuma galibi mai sa hannun yana nesa da inda ɓarnar za ta sauka, waɗanda za ta sauka a kansu kuwa su ne marasa murya. Idan aka kusantar da shawara ga masu ɗaukar nauyinta, aka kuma daidaita muryoyinsu, ɓarna za ta ragu ko ba a yi wa kowa wa'azi ba.

Dokar Jamus ba ta ba jam'iyya kujera a Majalisar Tarayya sai ta sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. A zaɓen Maris 1983 Koraye suka sami kashi 5.6, suka shiga majalisa a Bonn da kujeru 27, ba kwat ba laktaye, wasu riƙe da tukwanen furanni. Ɗaya daga cikin matansu ta miƙa wa sabon shugaban gwamnati Helmut Kohl reshen itacen da hayaƙin masana'antu ya ƙona, a maimakon furen taya murna.

Abin da ya fi dacewa 'yan siyasa su duba shi ne dokokin da suka ɗaura wa kansu, domin sun san kujera tana canja mutum. Suka ce ɗan majalisarsu zai yi shekara biyu kawai ya sauka, na bayansa a jerin sunaye ya ƙarasa sauran biyun. Suka ce mai riƙe da muƙamin jam'iyya ba zai riƙe kujerar majalisa ba. Suka ce ɗan majalisa zai ɗauki daidai albashin ƙwararren ma'aikaci, ragowar ya zuba a asusun da ke tallafa wa ƙungiyoyin jama'a. Tarurrukansu kuma a buɗe suke ga kowane ɗan jam'iyya. Niyya ce mai kyau, amma ba dukanta ta yi ƙarko ba. Karɓa-karɓar shekara biyu ta zama wahala, domin daidai lokacin da mutum ya fara gane aikin kwamiti da sharrin ma'aikatan gwamnati sai a ce ya tashi, sabo ya zo ya fara daga bihim. Petra Kelly, wadda ita ce fuskar jam'iyyar a idon duniya, da kanta ta ƙi sauka da wa'adinta ya cika. Kafin shekara goma aka yi watsi da dokar, ta raba muƙami da kujera kuma aka sassauta ta a 2003. Darasin a fili yake: tsoron shugabanni ba ya hana a bukaci shugabanni, abin da ake iya yi shi ne a riƙe linzaminsu.

Dokar da ta rayu ita ce ta mata. A 1984 'yan majalisarsu suka zaɓi mata shida zalla su shugabance su, abin da ba a taɓa gani ba a majalisar. A 1986 suka rubuta a tsarin jam'iyya cewa aƙalla rabin kowane muƙami na mata ne, kuma a jerin 'yan takara suna na ɗaya da na uku da na biyar, haka har ƙasa, na mace ne. Shugabannin jam'iyya biyu ne yanzu, ɗaya lalle mace. An yi musu dariya a lokacin, daga baya wasu manyan jam'iyyu suka kwaikwaya. Iyaye mata da ke wannan zaure sun san matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan neman haka, saboda haka ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan bambancin da ke tsakanin alkawari da rubutacciyar doka.

IKO A HANNUN GARI

Domin a ga abin da suke nufi da sauko da iko, a dubi wani ƙaramin gari mai suna Schönau, shi ma a jihar Baden-Württemberg, mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗari ba. Da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a 1986, gubarta ta bi iska har Jamus, iyaye suka shiga tsoron madara da ganyen da suke ba 'ya'yansu. Wasu iyaye a garin, cikinsu har da wata malamar makaranta Ursula Sladek, suka roƙi kamfanin da ke ba su wuta ya daina sayo ta nukiliya, kamfani ya yi kunnen uwar shegu. Sai suka ce to za su sayi turaku da wayoyin garin su riƙe da kansu. Aka yi ƙuri'ar raba gardama har sau biyu suka ci, kamfani ya tsauwala kuɗi, mutane daga ko'ina cikin ƙasar suka yi musu karo-karo, a 1997 wutar garin ta koma hannun mutanen garin. Ba jam'iyya ce ta yi wannan aiki ba, mutanen gari ne, amma shi ne ainihin abin da Koraye ke wa'azi a kai. Da suka shiga gwamnatin tarayya tare da jam'iyyar SPD a 1998, sai aka yi doka a 2000 wadda ta tilasta wa kamfanonin wuta su sayi lantarkin da manomi ko ƙungiyar gama kai ta samar daga rana ko iska, a kan farashi tsayayye na shekara ashirin. Nan da nan rufin rumbuna da na makarantu ya cika da faifan hasken rana. Tasoshin nukiliya uku na ƙarshe a Jamus an rufe su ran 15 ga Afrilu 2023, ko da yake har yanzu Jamusawa na gardama ko an yi gaggawa, tun da ana ci gaba da ƙona kwal.

Mulkin jama'a yana da ɗaci, su ma sun ɗanɗana. A 2011 jihar da ta aika wa manoman Wyhl 'yan sanda ta sami shugaban gwamnati ɗan Koraye, Winfried Kretschmann, na farko a tarihin Jamus. Abin da ya taimaka masa ya hau har da adawar da jam'iyyarsa ta yi da wani gagarumin aikin tashar jirgin ƙasa a birnin Stuttgart. A watan Nuwamba na shekarar aka kai maganar gaban jama'ar jihar, kusan kashi 59 cikin 100 suka ce a ci gaba da aikin. Kretschmann ya karɓi hukuncin, gwamnatinsa ta ci gaba da aikin da ya yi shekaru yana suka. Magoya bayansa da yawa sun ji haushi, amma wanda ya ce a tambayi jama'a ba shi da bakin cewa jama'a sun yi kuskure a sake lale.

Ba waliyyai ba ne, kada a ɗauka. Jam'iyyar da aka kafa a kan ƙin yaƙi ita ce ta amince da tura jiragen yaƙin Jamus Kosovo a 1999, lokacin da ɗanta Joschka Fischer ke ministan harkokin waje, har wani mai adawa da yaƙin ya jefe shi da fenti a kunne a wurin babban taro. A Janairu 2023 kuma 'yan sanda suka kwashe masu zaman dirshan daga ƙauyen Lützerath domin a haƙi kwal a ƙarƙashinsa, bisa yarjejeniyar da ministoci 'yan Koraye suka ƙulla da kamfanin. Jikokin masu zaman Wyhl suka wayi gari su ne a bayan 'yan sanda.

Saura ginshiƙin da ya fi kusa da mazauna wannan zaure. Tun 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya ta ɗebo ma'aikata domin masana'antunta da ramukan kwal. Ana kiransu ma'aikata baƙi, wai za su yi 'yan shekaru su koma. Ba su koma ba, suka kawo iyali, suka hayayyafa, suka biya haraji, amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1913 ta jini ce, saboda haka yaron da aka haifa a Berlin, wanda bai san wata ƙasa ba, baƙo ne kamar kakansa. Da jihohi biyu suka yi ƙoƙarin ba baƙi damar zaɓen kansila, Kotun Tsarin Mulki ta soke dokokin a 1990. Koraye suka tsaya a kan cewa ba ma'ana a ce a mayar da iko ga unguwa alhali sulusin wata unguwa ba shi da ƙuri'a. Da suka shiga gwamnati aka sake dokar, daga 1 ga Janairu 2000 yaron da aka haifa a Jamus ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ya shekara takwas yana zaune bisa ƙa'ida. 'Yan adawa sun yi ta tara sa hannu a kan tituna don hana riƙe fasfo biyu, har sai da aka rage wa dokar ƙarfi, ba a gyara wannan ba sosai sai 2024, lokacin da aka mayar da shekarun biyar. Cem Özdemir, ɗan ma'aikatan da suka zo daga Turkiyya, ya shiga majalisa a 1994, ya shugabanci jam'iyyar daga 2008 zuwa 2018, ya riƙe ministan aikin gona daga 2021 zuwa 2025.

A NAN GIDA

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne masu ƙoshi. To, a tuna da Bakalori. A daidai shekarun da manoman Wyhl ke zaune a dajinsu ake gina madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, shawarar da aka yanke a Ikko, kamfanin Italiya ya yi aikin. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, na ƙasan madatsar kuma fadamarsu ta daina samun ambaliyar da suke noman shinkafa da kamun kifi da ita. Manoma suka nemi diyya suka gaji, suka tare hanyoyin shiga aikin. A watan Afrilu 1980, wata uku kacal bayan taron Karlsruhe, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka ƙone gidaje, aka kashe mutane, har yau lissafin hukuma da na mutanen yankin bai zo ɗaya ba. Ciwon iri ɗaya ne da na Wyhl. Bambancin shi ne can akwai telbijin da ta nuna, da kotun da ta saurara, da ƙuri'ar da gwamnati ke tsoro. Da yawa daga cikin waɗanda ke tura baro ko sayar da ruwa a biranen Kudu, irin wannan shawara ce ta nesa, ko fari, ko rashin tsaro, ta raba su da gonar gado.

Maganar sauko da iko ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. An yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, yau akwai 774. A 2023 an gyara tsarin mulki an ba jihohi ikon samar da wutar lantarki da rarraba ta. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Ko an bi hukuncin ko ba a bi ba, wannan aikin 'yan jam'iyya ne su sa ido. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa tana nan, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa da safiya ɗaya ake iya tashin kasuwa ko unguwa.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne ya kamata ɗan Arewa mazaunin Kudu ya buɗe kunne. Duk ikon da aka sauko da shi ƙasa, hannun wani zai faɗa. Idan aka ƙara wa ƙaramar hukuma kuɗi da iko a kan kasuwa, da tasha, da mayanka, da filaye, alhali ana raba mazaunanta gida biyu, 'yan asali da baƙi, to an ƙara wa ɗan asali sanda ne, baƙo kuwa an matso da shi kusa da ita. Sabo ta Badun an kafa ta tun 1916. Akwai gidajen da suka yi zuriya huɗu a cikinta, 'ya'yansu Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu, amma in yaro zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya tafi garin kakansa ya karɓo takardar shaidar asali, garin da wataƙila bai taɓa kwana a ciki ba, shugaban ƙaramar hukumar can kuma ya dube shi ya ce bai san shi ba. Baturken Berlin aƙalla daga wata ƙasa kakansa ya zo. Wannan kuwa baƙo ne a ƙasarsa. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, a sashe na 15 ya ɗora wa hukuma ta tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya, amma ya ajiye wannan na biyun a babin da ba a iya kai ƙara a kansa, kana ya dawo a sashe na 147 ya ce minista sai ɗan asalin jiha. Wanda ke son ganin inda wannan tufka da warwara ke kaiwa ya tuna da Jos a watan Nuwamba 2008, inda zaɓen ƙaramar hukuma guda ɗaya ya ci rayuka ɗaruruwa.

Gaskiya kuma ɗaya ce ko ta wane gefe aka dube ta. Abin da ake yi wa Bahaushe a Kudu shi ake yi wa Inyamiri da Bayarabe a Sabon Garin Kano da na Zariya, waɗanda su ma an haifi iyayensu a can. Ɗan Arewa ba zai nemi a ɗauke shi ɗan gari a Agege ba, sa'an nan ya je gida da salla ya ce Inyamirin da ke kusa da shagon ƙanensa ba shi da hurumin tsayawa kansila. Wanda ke neman haƙƙin nan sai ya neme shi wa kowa, in ba haka ba ba wanda zai saurare shi, kuma da gaskiyarsu.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a nan, domin an taɓa yi. A shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garinsu na farko, suka kuma sake zaɓensa. Ba wanda ya aike shi Sakkwato neman takarda. Abin da suka duba shi ne a nan yake zaune, a nan yake biyan haraji, a nan ya sha wuya tare da su wajen neman 'yanci.

Saboda haka matsayin da ya kamata 'yan jam'iyya su riƙe a duk inda ake maganar sake fasalin ƙasa shi ne a haɗa biyun a takarda ɗaya. A sauko da iko har mazaɓa, a kuma rubuta cewa wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna wasu ƙididdigaggun shekaru yana biyan abin da ake biya, yana da haƙƙin wurin cikakke, na makaranta, da na aiki, da na rumfar kasuwa, da na tsayawa takara. Yawan shekarun abin tattaunawa ne, Jamusawa ma sun fara da takwas suka dawo biyar.

Kafin a kai can akwai abin da ke hannu. Mutane da yawa a nan suna da katin zaɓe, amma na gida ne. Lokacin zaɓen shugaban ƙasa sai a cika motoci a tafi Arewa, lokacin zaɓen kansila a unguwar da aka shekara ashirin a ciki kuwa sai a zauna a rumfa, alhali kansilan nan da shugabansa su ne ke da magana a kan lambatun da ke cika da damina, da bolar da ke bayan mayanka, da famfon da ya mutu, da kuɗin da 'yan karɓar haraji ke tatsa a bakin kasuwa. Ɗan takara ba ya zuwa gaishe da sarkin Hausawa saboda rawaninsa, yana zuwa ne idan ya ƙidaya katunan da ke bayansa. Dokar zaɓe ta ba kowa damar neman a mayar da rajistarsa mazaɓar da yake zaune, ana yin haka a ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma duk lokacin da aka buɗe rajista, ba a biyan ko kwabo, kuma da wannan rajistar ce ake yin zaɓen kansila. Ana roƙon shugabannin rassa su ɗauki sunayen waɗanda ke son a raka su, maza da mata, kafin a watse.